Tsohuwar Bakin Tafki

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓata. Gimbiya kowa ke ce mata, daga mai gadin situdiyo har mai shagon bakin layinsu, har mijinta ma in tsokana ta motsa masa. Ba sarauta ta gada ba, ubanta gyaran agogo ya yi har ya koma ga Allah. Aikinta ɗora murya ne. Finafinan katun ɗin nan da ake kawowa daga waje, masu tatsuniya da waƙe-waƙe, su ake juyawa zuwa harshen gida saboda yara. Ita kuma sai ta shiga wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ta tsaya gaban makirfo, ta ba gimbiyar fim baki. Tun tana amarya take wannan aiki. Duk gimbiyar da ta taɓa yin waƙa a talabijin ɗin garin, da maƙogwaron matar nan ta yi. Yaran da suka fara jin ta, yanzu su ke riƙe da hannun nasu yaran suna tsallakar da su titi.

Kuma kada wani ya ce don abinci kawai take yi. Son finafinan take, irin son da ke mai da babba abin dariya. Da yamma yaran maƙwabta kan cika mata falo, ta kunna musu tsofaffin finafinanta, ta zauna a ƙasa cikinsu ta miƙe ƙafa. Ta san inda gimbiya za ta ɓata a daji, ta san za a gan ta, ita ce ma ta yi kukan da ake ji, amma in an zo wurin sai ka ga tana share ido da bakin mayafi.

Mijinta, Baban Auta, tsohon direban motar ma'aikata ne da ya ajiye aiki. Shi nasa ciwon finafinan tarihi ne, masu dogon zangon nan na sarakunan da, da fadawansu da yaƙe-yaƙensu. Sai ya zauna yana ba sarki shawara ta cikin gilashin talabijin. "Kada ka yarda da wazirin nan. Ka ga idonsa kuwa? To shi kenan, sha gubar, ni dai na faɗa maka." Rimot ɗaya ne a gidan, kuma ba irin jifan da bai sha ba. Shi ya ce finafinanta ƙarya ce tsagwaronta, ina aka taɓa ganin buta tana waƙa. Ita ta ce nasa duk gemu ne da sare kai, ba mai dariya a ciki sai mugu. A haka suka kwashe shekaru, kowa na leƙen na ɗan'uwansa ta wutsiyar ido yana rantsuwa ba kallo yake ba.

'Ya'yansu duk sun watse, saura Auta, budurwa mai shiru-shiru. Ita kusan a situdiyo aka yaye ta, ƙarƙashin teburin na'urori take barci tana ƙarama. Uwar ce ta koya mata waƙa tun kafin ta iya ɗaura takalmi: inda ake jan numfashi, yadda ake murmushi cikin waƙa har mai saurare ya ji murmushin, yadda ake ƙarasa dariya da ɗan shaƙewa. Da ta girma sai aka riƙa ba ta ƙananan muryoyi, tsuntsu yau, kuyanga gobe.

Ana nan sai ga sabon fim ya iso situdiyo. Labarin wata gimbiya ne da tafkin garinsu ya ƙafe, ta je wurin aljanin da ke ƙarƙashinsa, ta ba shi ƙuruciyarta don ya saki ruwa. Ta koma gida tsohuwa tukuf, ba wanda ya gane ta, masu gadin fadar ubanta suka kore ta da sanda. Waƙa ɗaya ce ƙashin bayan fim ɗin. Gimbiyar fim ɗin na rera ta a farko, tana tsalle kan duwatsun bakin ruwa. Can a tsakiya kuma tsohuwar ta dawo wurin ta sake rera ta, kalma da kalma. Ban da wannan waƙa tsohuwar ba ta furta komai a fim ɗin, kunya ta ɗinke mata baki.

Ranar da aka nuna wa ma'aikata fim ɗin da harshensa na asali, Gimbiya ta koma gida ba ta ko ga hanya ba. Ba ta taɓa son wani aiki kamar wannan ba. Ta san wuyanta ya fara ciwo in ta daɗe a tsaye, ta san takardar waƙa sai ta nisanta ta da fuska take iya karantawa, amma wannan duk jiki ne. Murya daban. Ta ƙudurta a ranta da wannan gimbiyar za a riƙa tuna ta, kuma duk wanda ya yi yunƙurin raba ta da ita zai ga abin da ba ya so.

Aka kuwa aiko Oga na kiranta. Oga ɗan mai situdiyon ne na asali, ya gaji kujerar da tumbin, bai gaji ƙarfin halin ba.

"Anti, bismillah, zauna. A kawo miki shayi?"

Duk wanda ya san Oga ya san in ya yi tayin shayi akwai magana. Ta ce ta gode.

Ya fara kewaye-kewaye. Wai sun sami wani babban fim na tarihi, mai dogon zango, za a yi shekara ana nuna shi. Akwai uwar sarki a ciki, ita ke juya fadar gaba ɗaya, sarkin ma tsoronta yake. Wai tun da ya gan ta ya ce ba mai iya ta sai Anti.

"Uwar sarki," ta ce. "Mai sandar nan da ke tsine wa mutane daga kan gado?"

"Babban matsayi ne, Anti."

"Na ji. Gimbiyar tafki fa?"

Ya ɗauki wayarsa ya duba, alhali ba wanda ya kira shi.

"Dube ni nan. Ranar da aka haife ka ina cikin ɗakin can ina waƙa, ubanka ya buɗe ƙofa ya ɓata mini ɗauka don murna. In kana da magana faɗe ta."

Da ya faɗa a lokacin, da ya huta ya hutar da kowa. Amma ina. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Anti, gimbiya ai taki ce. Wa zai yi in ba ke ba? Ki shirya kawai ki zo mu ɗauka."

Ta fito tana jin kanta kamar ta ci yaƙi. A hanya ta tsaya ta sayi zuma.

Daga ranar ta shiga kiwon maƙogwaro. Ba ruwan sanyi, ba fanka, ba yaji. Ta naɗe wuya da ɗankwali kamar mai mura, ta daina ɗaga murya ko da kuwa madara na zuba a wuta. Baban Auta ya sami sararin da bai taɓa samu ba, ya riƙe rimot ya yi ta kashe sarakuna son ransa, in ta harare shi ya ce, "Yi magana mana, Gimbiya, ban ji ba." Ita dai sai ta nuna shi da yatsa, alamar akwai ranar ramuwa.

To ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Masu ɗora murya ba sa haɗuwa. Kowa da ranarsa, kowa shi kaɗai a ɗakin soso, da abin ji a kunne da hoto a gabansa. Wanda ya yi yarima zai iya gama fim bai taɓa ganin wadda ya yi ta rantse wa da soyayya ba. Injiniya ne ke zaune bayan gilashi yana ɗauka, daga baya ya harhaɗa. Kuma al'ada ce in an gama ɗauka a mayar wa mutum abin da ya yi ya saurara. Gimbiya kaɗai ce ba ta yarda da wannan ba. Tun tana yarinya a aikin ta ce jin kai na sa mutum ya fara kwaikwayon kansa, daga baya abin ya zama mata alfahari. "Na san abin da na yi," take cewa, ta cire abin kunne ta ɗauki jakarta. Ko tana cikin waƙa, kiɗa kawai take yarda a sa mata, ban da muryarta. Finafinan baya-bayan nan ma ba ta cika kallonsu ba, ta ce zanensu ba shi da rai. Tsofaffin take kunna wa yara kullum. Saboda haka muryar da ke zaune a kunnenta, muryar amaryar nan ce ta da.

Injiniya wani siriri ne mai ƙaton abin kunne, a bayan idonsa A-sake ake ce masa. Mutumin da zai sa ka maimaita "sannu" har ka manta ma'anarta. Shekara da shekaru suna faɗa da Gimbiya ta cikin gilashin nan. Amma wannan karon ta yi magana ya ce ya yi, ta yi dariya ya ce ya yi, ta yi kuka ya ce madalla.

Ranar babbar waƙa ta zo da fulas ɗin ruwan ɗumi. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda murya ke hawa can sama, kamar mai miƙa hannu saman kabad. Ta ja numfashi, ta rufe ido, ta miƙa. Ta ji wani abu ya ɗan karce ta a wuya, amma a ganinta ta kai. Da ta buɗe ido Injiniya na zaune, ya dafa goshi.

"A sake?" ta ce.

"A'a, Anti. Wannan ba a sake ta."

Daɗi ya cika ta. A-sake da kansa. Har ta yi masa tayi, ta ce waƙar tsohuwar fa, ko ta gwada musu, ai ta iya kwaikwayon tsofaffi.

"Bar shi, Anti, kada ki wahalar da maƙogwaronki. Za a san yadda za a yi."

"Ku dai nemo wadda ta iya. Kada ku kawo mini wadda za ta ɓata mini fim."

Auta ma tana zuwa nata ranakun. In uwar ta tambaye ta me aka ba ta, sai ta ce kifaye da kwaɗi, ta shige ɗaki. Shirunta ya ƙaru, abinci ma sai ta tsakura ta bari. Gimbiya ta ce wa mijinta yarinyar nan da alama wani ya fara yi mata magana, ya sa ido. Ya ce to, idonsa na kan wani sarki da ake shirin yi wa juyin mulki.

Da aka gama aiki Oga ya kama wani ƙaramin gidan silima, ranar hutu da rana, ya gayyaci ma'aikata da iyalansu su fara gani kafin a saki. Gimbiya ta sa kayan da take ajiye wa babbar rana, ta cika motar mijinta da yaran maƙwabta har wani na kan cinyar wani. A zaure aka yi ta gaishe ta, amma gaisuwar gajera ce, kowa na da wani abu da yake sauri ya duba. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta zauna a tsakiya, miji a dama, Auta a hagu, Oga da matarsa a layin gabansu.

Aka kashe fitilu. Ga tafki, ga duwatsu, ga gimbiya ta fito da gudu ba takalmi. Ta buɗe baki.

Wayyo daɗi. Murya ce garau, mai sanyi, ba ƙura ko ɗaya a cikinta. Ga jan numfashin nan a inda take jansa, ga murmushin da ake ji, ga dariyar mai ɗan shaƙewa a ƙarshe. Tsigar jikin Gimbiya ta tashi. Da aka zo wurin hawan nan sai muryar ta haye kamar ba komai, ta zauna a can sama, ta ma yi ɗan wasa kafin ta sauko. Hawaye suka zubo mata. Ashe zumar ta yi aiki. Ashe duk tsoron da take ɓoyewa na banza ne. Ta kamo hannun Auta ta matse.

"Kin ji uwarki?" ta ce, kuma raɗar mai aikin makirfo ba ta ɓuya. "Wallahi ban taɓa waƙa kamar wannan ba. Saurara ki koya."

Hannun Auta sanyi ƙalau, ga gumi. Matar Oga ta ɗan juyo, mijinta ya taɓa ta, ta mai da kai.

Fim ya ci gaba, Gimbiya na bin kowace kalma da leɓe. Aljani ya karɓi abin da ya karɓa, ruwa ya dawo, aka kori tsohuwa daga ƙofar fada. Ta ja jiki ta koma bakin tafki ta zauna kan dutsen da take tsalle a da. Kiɗan nan ya sake tashi. Gimbiya ta gyara zama don ta ji wadda suka nemo.

Tsohuwar ta fara. Murya ce mai kauri, ta dushe a gefe-gefe, tana rawa in ta daɗe a kan kalma. Abin da ya fi ba Gimbiya haushi, matar ƙoƙari take ta yi yarinya. Tana maƙale murya, tana sa mata wani zaƙi na dole, tana murmushin da bai dace da bakin ba. Da ta doshi wurin hawa sai ka ji tana tattara ƙarfi tun daga nesa. Ta miƙa, ta kusa, muryar ta tsage, ta rataya a ƙasa da wurin tana karkarwa.

Silimar ta yi tsit. Wata mata a baya tana jan hanci. Gimbiya kuwa tsaki ta ja.

"Ina suka samo wannan kuma? Ji yadda take kwaikwayona, ko kunya babu. Baiwar Allah, in maƙogwaro ya mutu ai sai a haƙura a koma gida a yi jikoki. Wa ya ba ta makirfo?"

Wani yaro cikin waɗanda ta kawo ya ƙyalƙyale da dariya. Baban Auta ya ce, "Ke, yi shiru mana," da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Auta ta zare hannunta.

Aka gama, gimbiya ta sami ƙuruciyarta, aka yi biki, fitilu suka kama. Oga ya hau gaba yana goge wuya da hankici. Ya gode wa kowa, ya gode wa Injiniya, ya yi ta godiya har ya rasa wanda zai gode wa. Sannan ya ce yau ranar farin ciki ce, domin situdiyo ta yi sabuwar gimbiya, kuma ba daga nesa aka ɗauko ta ba, 'yar gida ce. Ya kira Auta.

Gimbiya ta ɗauka kuskure ya yi. Har ta fara tashi. Sai ta ga 'yarta ta miƙe, kai a ƙasa, tana ratsa gwiwoyin mutane. Aka ɗauki tafi.

"Sannan uwarmu," in ji Oga, ya kasa kallon layin da take. "Wadda ta raine mu duka da muryarta. Waƙar tsohuwar nan da ta sa ku kuka, ita ce. Anti, a taimaka a tashi a gan ki."

Tafin ya fi na farko. Wasu har da miƙewa. Waɗanda suka ji abin da ta ce ɗazu su ma suna tafawa, suna kallon takalmansu. Ta tashi, don ba yadda za ta yi. Ta ma ɗaga hannu. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa, irin kunyar da ba ta taɓa sanin akwai ta ba, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya ya zauna mata a ƙirji.

A lungun da ke bayan zaure ta tare Injiniya yana naɗe waya.

"Me ka yi wa muryata?"

"Anti..."

"Na san aikinku. Kun ja ta, kun dusar da ita, kun sa mata rawa. Ka ɗauki waƙata ka tsofar da ita da na'ura don ku yi wasa da ni."

Ya ajiye wayar. Shi dai bai iya ƙarya ba, shi ya sa ba shi da abokai.

"Ban taɓa ta ba, Anti. Ko ƙwayar abu ban ƙara ba, ban rage ba. Yadda kika yi ta ranar nan, haka na ɗora."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Na so in mayar miki ki ji. Shekara nawa ina so. Ke ce ba kya yarda."

"To don me kuka sa na yi fim ɗin gaba ɗaya? Ina ta zuwa da fulas kamar mahaukaciya."

"Oga ya ce in an faɗa miki ba za ki zo ba. Auta kuma ta ce ba za ta iya ba sai tana jin ki. Naki muke sa mata a kunne, tana bi. Inda kika ja numfashi ta ja, inda kika yi dariya ta yi." Ya sake ɗaukar wayar. "Waƙar tsohuwar kuma ni na ce a sa. Ba don wulaƙanci ba. A duk abin da na ɗauka a ɗakin nan ba wanda ya kai ta."

"Allah ya isa," ta ce a hankali, ta juya. Ba ta ma san wa take yi wa ba.

A mota ba wanda ya yi magana sai yara, suna ta rera waƙar a kujerar baya, wani har yana kwaikwayon inda muryar tsohuwa ta tsage, sauran na dariya. Auta ta ce za ta taho daga baya. Da aka sauke yaran a bakin layi, Gimbiya ta dubi mijinta.

"Ka sani?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, alhali motar a tsaye take.

"Ni nake kai Auta ɗaukar," ya ce.

"Kai kake kai ta."

"Ta zo mini tana kuka, ta ce in ta ƙi, wata za su ɗauko daga waje. Na ga gara a ce 'yarki ce. Na yi ta neman ranar da zan faɗa miki, sai in gan ki da ɗankwali a wuya kina murna, in kasa."

"Kullum kana zaune kana gaya wa sarakunan talabijin wanda zai ci amanarsu. Ni da ke gefenka a kujera ɗaya ba ka iya gaya mini ba."

Ta buɗe ƙofa ta fita.

Rana ta yi sanyi kafin Auta ta shigo. Gimbiya na kicin tana wanke kofunan da ba su da datti. Ta ji an ajiye takalmi, ta ji an tsaya a bakin ƙofa, ba ta juya ba.

"Umma."

Gimbiya ta ci gaba da wanke kofi.

"Umma, don Allah ki yi mini magana. Ko zagina ne ki yi. Na so in faɗa miki, wallahi na so, kullum in na buɗe baki sai..."

Muryar na rawa, tana shirin kuka, kuma ko a cikin kukan ga ɗan shaƙewar nan. Gimbiya ta ji kamar ana yi mata magana daga tsohon fim ɗinta. Shekara da shekaru muryar nan na yawo a gidanta, tana tambayar ina sabulu, tana cewa an gama shara, ba ta taɓa saurarenta ba sai yau. Ta ji tana ƙin ta. 'Yarta ce, ita ta haife ta, amma a wannan lokacin ƙinta take ji, kuma ta san abin kunya ne, kuma sanin bai rage komai ba.

"Kin iya," ta ce, ba ta juyo ba. "Ba zan ce ba ki iya ba. Kin ji ai da bakina na yaba, gaban kowa. Ki je ki yi ta yi, Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya na roƙe ki."

"Faɗi, Umma. Ko mene ne."

"Kada ki ƙara yi mini magana da muryar nan a gidan nan. Ki bar ta can situdiyo. In kin shigo, ki yi mini magana da taki."

Famfo na zuba a kan kofi.

"Umma, ba ni da wata," ta ce. "Ita kaɗai kika koya mini."

Gimbiya ta rufe famfon. Ta nemi abin da za ta ce, ta tuna da wace murya za ta faɗe shi, sai ta fasa. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge kofunan, Auta na tsaye a bakin ƙofa tana jira.